Hawan Bakin Tsohuwar Masaƙa

Ina da shekara arba'in da ɗaya na fara koyon mota, kuma ba don sha'awa ba. Ciwon suga ne ya taɓa idon maigidana, likita ya hana shi tuƙi, motar ta zauna a ƙofar gidanmu a Hotoro har tayoyinta suka fara sacewa. Tsohuwa ce, mai giyar hannu. Duk ranar asibiti sai in riƙo hannunsa mu wuce ta gefenta mu je titi neman adaidaita sahu.

Wata rana yayan mahaifiyata ya zo dubiya. Kawu ya fi shekara ashirin yana tuƙa bas ɗin ma'aikata a wata masaƙa a Challawa, har ranar da aka rufe ta. Gajeren dattijo ne marar yawan magana. Da zai tafi ya zagaya motar, ya dafa ta, ya dube ni.

"Ke za ki koya," ya ce.

"Kawu, ni da ko keke ban taɓa hawa ba?"

"Ba ruwanta da keke. Ranar Lahadi zan zo."

A Bompai muka fara, a wani layi da ke bayan kamfanonin da suka daina aiki. Damina ce, ciyawa ta cinye gefen kwalta, ta hau katangu, wani wurin ma bishiya ce ta fasa rufin kwano ta fito. Ranar Lahadi ba kowa a can. Idan motar ta mace, shirun da ke biyo baya har kunne yake toshewa, sai ƙarar wani kwano da iska ke kaɗawa can cikin wani ginin.

Kuma ta mace ba adadi. Ƙafata ta hagu ba ta san a hankali ba. In taka kuloci, in sa lamba ɗaya, in ɗaga ƙafa, motar ta yi tsalle kamar an tsikare ta, ta mutu. Kawu bai taɓa yi mini tsawa ba.

"Cire giya, mayar da ita firi, ki sake tayarwa. Ki daina kallon ƙafarki. Ki saurara. Akwai inda muryarta ke sauyawa, gabanta ya ɗan ɗaga. Nan za ki riƙe, sannan ki ba ta totur kaɗan."

A Lahadi ta uku na ji wurin da yake nufi. Motar ta yi wata 'yar rawa a ƙarƙashina, ta tafi sumul. Na kai lamba biyu, na kai uku, na yi ribas tsakanin duwatsu biyu da ya jera. Ina ta murna, shi kuwa cewa ya yi Bompai shimfiɗe take, wanda bai iya tashi a kan hawa ba bai iya mota ba. Mako mai zuwa sai Challawa.

Shi ya tuƙa mu. Muka wuce majemun fata da warinsu, muka bar inda injuna ke aiki, muka shiga wani layi da ya mutu ɗungurum. A ƙarshensa hanyar ta ɗan hau tudu, kuma a kan tudun ƙofar masaƙarsu take: ƙaton ƙarfe mai tsatsa, da sarƙa, da ɗakin maigadi a gefe. Maigadin wani dogon tsoho ne mutumin Nijar. Suka gaisa da Kawu kamar jiya suka rabu, suka yi azahar tare a kan tabarmarsa, ni na yi tawa a inuwar katanga.

Darasin shi ne in hau tudun, in tsaya a tsakiya, in ja hambirki, sannan in tashi ba tare da motar ta koma baya ba. Na yi ta yi, tana zamewa, ina taka birki da ƙarfi. Can wajen ƙarfe biyu na samu na tashi daidai, na nufo ƙofar. Sai Kawu ya ɗora hannunsa a kan sitiyari.

"Tsaya nan."

Na tsaya. Na duba gabas da yamma, ko akuya babu.

"Me muke jira, Kawu?"

"Bari su wuce."

Idonsa na kan ƙofar, yana bin wani abu da kallo daga dama zuwa hagu, a hankali, kamar mai ƙirga mutane. Mun kai minti biyar a haka. Sannan ya ɗauke hannunsa ya ce in tafi. A hanyar gida ban tambaye shi ba. Na ce a raina tsufa ne, da kewar aiki.

Lahadin da ta biyo baya ni ma na ji. Muna tsakiyar tudun, gilasai a sauke, sai jiniya ta tashi daga cikin masaƙar. Ba ta da ƙarfi, kamar daga ƙarƙashin ƙasa take fitowa, amma jiniya ce: ta hau, ta tsaya, ta sauko. Motar ta mace a hannuna. Kawu ya duba agogonsa, ƙarfe biyu daidai. Da muka je sallama na tambayi maigadin ko har yanzu ana kunna ta.

"Hajiya, rabon wurin nan da wuta an daɗe," ya ce. "Ita kanta jiniyar a gabana aka kwance ta aka sayar."

"Amma kun ji abin da na ji?"

"Ina ji. Ba kullum ba." Ya ci gaba da fifita gawayin shayinsa. "Ni ƙofa aka ce in tsare."

Ran nan a hanya Kawu ya gangara gefen titi ya kashe mota. Ya ce akwai wani ma'aikacin sashen rini, mutumin Jigawa, da ya kama haya a wani ƙauye bayan masaƙar, ta wajen Kumbotso. Kullum a kujerar da ke bayan direba yake zama, idan an tashi a sauke shi a mahaɗar ƙasan layin, inda 'yar hanyar ƙauyen ta ɓalle. Wata rana an tashi ƙarfe biyu, ruwa ya ɗauke ke nan, Kawu na tsaye da bas a kan tudun, giya a ciki, ƙafarsa a kan kuloci, mutane na fitowa. Takalminsa jiƙe yake. Ƙafar ta zame. Bas ɗin ta yi tsalle ɗaya ta matse mutumin da ƙarfen ƙofa. Kwanansa uku a asibiti ya cika.

"An ce ƙaddara ce, kuma ita ce," ya ce. "Amma da na mayar da ita firi na ja hambirki, da ƙafata ta zame sau goma ba abin da zai faru. Shi ya sa nake matsa miki."

"Kun je wurin iyalinsa?"

"Manyan kamfani sun je. Ni na kasa."

Na so in ce mu koma Bompai, amma na ji nauyinsa. Lahadi ta gaba muka dawo. Bayan na tashi a tudun sau huɗu ba kuskure, sai ya buɗe ƙofa ya fita.

"Yau ke kaɗai. Ki sauka ƙasa, ki juyo, ki hau, ki tsaya a tsakiya, ki tashi. A bakin ƙofa ki juya ki sake sauka. Ina nan ina kallonki."

Na yi bismilla na tafi. Karo na farko ke nan da na zauna a mota mai tafiya ba kowa a gefena. Na juyo, na hau, na tsaya, na tashi lafiya. A bakin ƙofar na tsaya don in yi kwana, na mayar da giya firi, na ja hambirki kamar yadda ya koya mini. Kawu da maigadin suna can gefe a inuwa, nesa da ni kaɗan.

A nan ne bayan motar ya nutsa. Duk wanda ya taɓa zama a ƙaramar mota wani ya shigo baya ya san wannan motsin. Ba a buɗe ƙofa ba, ban ji ƙarar komai ba, amma motar ta sauka ta ɓangaren da ke bayana, ta zauna a haka. Sai wari ya biyo, irin na jiƙaƙƙen yadi da rini, mai ɗan kauri. Madubi yana nan saman goshina, na san ɗaga ido kawai zan yi. Ban ɗaga ba. Na kafa idona a kan kwalta ina karanta Ayatul Kursiyyu, ina tsallake kalmomi ina dawowa.

Ban san me ya hana ni buɗe ƙofa in gudu ba. Abin da na sani, na taka kuloci, na sa lamba ɗaya, na saki hambirki, na yi kwanar. Motar ta yi nauyi, sai da na ƙara mata totur. Na gangara a lamba biyu, a hankali, kamar mai ɗauke da marar lafiya. Da na iso mahaɗar ƙasa na kunna sigina, na raɓa gefe, na tsaya. Ba wanda ya ce in tsaya. Na zauna hannuwana a kan sitiyari. Bayan ɗan lokaci motar ta ɗago. Warin ya ɗan jima, sannan iska ta fitar da shi.

Kawu ya gangaro da ƙafa, yana haki. Ya leƙo ta taga, ya dubi fuskata, ya dubi kujerar baya.

"Me ya sa kika tsaya a nan?"

"Ban sani ba, Kawu."

Ya juya yana kallon 'yar hanyar da ta shiga cikin gonakin dawa. Sannan ya zagayo ya shiga gefena ya rufe ƙofa.

"Za ki iya tuƙi cikin taɓo?"

"Ban taɓa gwadawa ba."

"Lamba biyu, kar ki tsaya, kar ki taka birki a tsakiyarsa. Mu je."

Tafiyar ba ta da nisa, amma sau biyu tayoyin baya suna wulwulawa. A ƙauyen ya yi tambaya wurin wasu dattawa, suka nuna mana gidan. Matar mutumin tana nan, ta tsufa, tana zaune da 'yarta da jikoki. Aka shimfiɗa mana tabarma a zaure, aka kawo ruwa. Kawu ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya faɗi ko shi wane ne.

Tsohuwar ta saurara har ya gama. Ta ce ta san da shi, don marigayin yakan yi zancensa, kuma tun a gadon asibiti ya ce kar a riƙe direba da komai. Ta ce ta ɗauka saƙon ya isa gare shi tuntuni. Kawu ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan tabarmar. Aka yi addu'a aka shafa. Ni ban faɗa mata abin da ya faru a motar ba, shi ma bai faɗa ba. Da za mu tafi ta sa jikarta ta kawo mana ɗanyar gyaɗa a leda.

A bakin babban titi na rage gudu don mu yi musayar wuri, tunda ban taɓa shiga cikin motoci ba. Ya girgiza kai ya ce in wuce. Haka na shiga tsakanin tireloli da masu adaidaita sahu, gumi na zuba, ta mace mini sau ɗaya a danja, na baya suka yi ta danna hon. Na juya in ji me zai ce, sai na ga ya jingina kai da gilashi, ledar gyaɗar a cinyarsa, barci ya ɗauke shi. Na tayar da ita da kaina. Bai farka ba sai da na tsaya a ƙofar gida.