Lamba ta huɗu da na ƙi gogewa

Jiya jikata Hadiza, mai rubuta manhajar kwamfuta, ta kai ƙorafi wurin masu wata taskar lissafi da kwamfuta ke ɗauko amsa daga cikinta, kuma ni na jawo.

A shekarun 1960 ina ma'aikaci a gonar gwajin auduga kusa da Maska. Aikina lissafin gamma, wanda da shi muke gane ko sabon iri ya fi tsoho da gaske ko sa'a ce. Akwai littafin da ake duba amsa, amma nakan sake tarawa da hannu, kashi bayan kashi, har lambar ta daina motsi.

Wata rana amsata ta saɓa wa littafin a lamba ta huɗu bayan ɗigo. Shugabanmu, Mista Okoro, ya ce, "Malam Sani, goge. Daga Ingila aka bugo littafin nan."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a Ingilar ma mutum ne ya jera lambobin."

Aka mayar da ni awon buhuna a Funtua. Ban goge ba, takardar tana akwatina.

Makon jiya Hadiza ta gwada lissafin nan a kwamfuta, amsar ta bi littafin. Ta kwashe da dariya: "Angona, haƙura, biyu sun kayar da ɗaya."

Na ce, "Amarya, duba inda na'urar ta samo tata."

Ta duba. Ashe daga tsohon jadawalin littafin nan aka kwafo.

Masana lissafi, ina sauraron sharhinku a ƙasan rubutun nan. Masu taskar dai sun ce suna dubawa, ba su ce ni ke da gaskiya ba tukuna.