Malam Munkaila da Gindin Gawon Jibo

Shekara da shekaru, kowace kaka, da hantsi, za ka ga Malam Munkaila bisa tsohon moto mai ƙafa biyu ya nufi ƙauyukan Sukukutane, igiya da lauje ɗaure a baya. Aikinsa a ma'aikatar gona ta Dogon Dutsi ƙiyasta hatsi ne, kuma da ƙiyasinsa ake sanin garin da za a kai wa agaji. Gona ba ta aunuwa duka. Wurare kaɗan ake yanka a auna, a yi lissafin saura. To, ina za a yanka?

Yana sabon shiga, mai gona yake bari ya nuna masa. Wani dattijo, Jibo, wanda fari ya ƙone wa gona, ya ja shi gindin gawo inda shanu ke kwana, can ne kaɗai zangarniya ta cika. Maƙwabta ma haka suka yi. Wane Ba'are ne, ɗan ƙasar nan, zai nuna wa baƙo inda ya kasa? Ƙiyasi ya yi kyau, agaji ya tsallake garin. Da bazara Munkaila ya koma, ya tarar gidan Jibo anza ake jiƙawa, abincin yunwa. Jibo ya tarbe shi, ruwa ma ya kawo masa. Kunyar ruwan nan ba ta sake shi ba har yau.

Ya jarraba jefa dutse ido rufe, wuraren suka cunkushe gefe guda. Ya jarraba jeri, jerin ya bi kwari ɗaya. Sai da ya ajiye girma ya je wajen malamar lissafi, Hindatu, ta koya masa dabara: a fara daga tsakiya, kowane sabon wuri ya faɗa inda giɓi ya fi faɗi. Da wurare kaɗan sai gona ta faɗi gaskiyarta.

In igiyar awo ta kai shi inda gona ta lalace, mai gona ya ɓata rai, Munkaila yakan ce, "Baba, ba kai ka kawo ni nan ba, igiya ce."

Kai ne ka ɗauke wa manomi nauyin faɗin bai samu ba, Malam, ka ɗora wa igiya. Mun gode. Masu tasowa, ku koyi dabarar, ku koyi kunyar da ta haife ta.

Bana Malam Munkaila ya ajiye aiki. Da muka ce za mu rubuta jinjinarsa, ya sunkuyar da kai.

"In dole ne," in ji shi, "ku fara da Jibo."