Mai Labarin Lalle

Sau ɗaya Inna Habsu mai cuku ta taɓa faɗa da mutumin nan, ana jibi zaɓe. Ya zo tashar motocin Takanamat, ya kunna wa mata wata murya a wayar salula, wai duk wadda ta je ƙuri'a da lalle a yatsa jandarma zai kama ta, a ce tawadar zaɓe ta ɓoye. Makon biki ne, matan unguwa kowa hannu jawur. Inna ta ce ƙarya ce. Ya ce, "Tsohuwa, kin yi lakkwal, kin san boko?" Aka yi mata dariya. Ran zaɓe ita kaɗai ta fita cikin matan, ɗan takarar da ya yi musu alkawarin famfo ya faɗi, har yau a ka suke ɗauko ruwa.

Ga shi yau ya dawo, sunansa ma ba ta sani ba. Shadda na ƙyalli, takalmi ya tsage, salula biyu a hannu, idonsa ba ya tsayawa kan fuskar mutum. Inna na ganin karen wani babba ne da ake jefa wa ƙashi. Yanzu kuma cewa yake zaɓe bai taɓa amfanar talaka ba, matan suna gyaɗa kai.

Yana miƙo hannu zai ɗanɗana cuku, ta janye faifan.

"Ɗana, da hannun lalle na taɓa shi. Kak ka ci, jandarma shi kama ka."