Rahmatu Biyu a Gidan Jaratu

Duk mai cin tsire a unguwar Briqueterie ta Yaoundé ya ɗanɗani hannun Jaratu, domin ita ke daka wa rabin masu tukubar unguwar yaji. Mace ce mai ƙwazo, ga riƙo kamar ƙaya a zane. Idan ka taka ta bana, sai baɗi za ka ji zafin.

Ita ce 'yar fari a wurin uwarta, Inna Rahmatu ta Garwa, kuma Inna irin matan da ce, masu kunyar ɗan fari. Ba ta taɓa kiran sunan Jaratu ba, ba ta taɓa ɗora ta a cinya a gaban mutane ba. "Ke" ce, ko "waccan". Ƙaninta Mohaman kuwa, sunansa ba ya sauka daga bakin Inna. Mutane sun ce al'ada ce, kowace uwa haka take yi. Jaratu ta ji su, amma abin ya ci gaba da cin ta har ta yi aure ta koma Yaoundé.

Da ta haifi mace, ita ta nace a sa mata Rahmatu. Dangi suka yi ta sa albarka, wai ga mai son uwa. Ba su san dawan garin ba. Yarinyar da ta ci sunan kakarta, Ummi ake ce mata don girmamawa, amma Jaratu ta hana kowa. Gatsau take kiran sunan, tana jin wani sanyi a ranta.

Shekarar da aka zaftare albashi aka yi ta sallamar ma'aikata, Mohaman ya rasa aikinsa. Ɗan lele ya kasa riƙe uwarsa, ya sa ta a mota zuwa wurin "waccan". Jaratu ta tarbe ta da katifa sabuwa da abinci mai kyau, kada wani ya ce ta gaza. Sannan ta ja ɗamara.

Inna na zaune a tabarma, Jaratu za ta ɗaga murya: "Rahmatu, ba ki da hankali ne? Rahmatu, wa ya haife ki da wannan taurin zuciya?" Yarinya 'yar shekara tara ba ta san laifinta ba. Tsohuwa sai dai ta ja carbinta. Abu ɗaya Jaratu ke so: ran Inna ya ɓaci ta kira ta da sunanta, ko da zagi ne. Wata bakwai ana haka.

Wata Laraba da la'asar Jaratu ta shanya barkono a tsakar gida, ta ƙwala kiran Rahmatu. Shiru. Ta sake, har da dungure turmi.

"Na'am," in ji tsohuwa.

Jaratu ta juyo. "Ba ke nake kira ba, Inna."

"Na sani. Yarinyar ba za ta amsa ba. Ta je ta ce wa metires ɗinsu, malamar makaranta, a riƙa kiranta Salwa. Ta ce mini wancan sunan zagi ne. To ni ce mai shi, na amsa. Faɗi abin da ke ranki."

Hawaye suka zubo wa Jaratu, na haushi ne. "Shekara talatin da takwas, Inna. Sau ɗaya kawai. Ki faɗi sunana."

Tsohuwa ta buɗe baki. Leɓɓanta suka motsa, sai ta sunkuyar da kai kamar amarya a gaban suruki.

"Ke," ta ce a hankali, "kwashe barkononki, hadari ya taso."

Ruwa ya fara sauka a kwano. Jaratu ta waiga za ta kira 'yarta ta taya ta, sai ta ga ba ta da sunan da za ta kira ta da shi. Ita kaɗai ta durƙusa tana kwasa.