Doya a Kafaɗa

Duk sanda na ji ƙamshin sabuwar doya, sai in ji kafaɗata ta dama ta yi nauyi. Kada ka yi dariya, mai karatu, da gaske nake.

A ƙauyenmu kusa da Karshi, mata ba sa ɗora kaya a kai, a kafaɗa suke ɗauka. Haka na tashi na gani. Ranar da na kai wa malamarmu ruwa a kafaɗa, 'yan aji, waɗanda yawancinsu ba 'yan ƙauyenmu ba ne, suka tuntsire da dariya, suka yi ta kwaikwayona har aka tashi. Daga ranar bakina ya mutu. Na ƙi makaranta, na ƙi kasuwa, in na ji sallamar baƙo sai in shige bayan rumbu. Damina guda ta wuce a haka.

Kawuna mai aiki a Idu, can cikin birni, ya zo, ya dube ni sama da ƙasa. "Mama, wannan ciwon ƙwaƙwalwa ne," ya ce wa kakata. "Ogana ya san likita, ki ba ni ita."

Kakata ba ta yarda da mai zuwa ƙauye da takalmi mai ƙyalli ba, ko da ita ta haife shi. Ni ma ban yarda da shi ba. Na tabbata in na shiga motarsa, sunan mahaukaciya zai bi ni har gidan miji.

Da ya tafi, kakata ta jawo ni daga bayan rumbu. "Wa ya yi miki dariya?" Abin da ta tambaya ke nan, na kuwa faɗa mata.

Ranar kasuwa ta cika ƙwarya da doya, ta aza mini a kafaɗa, ta ɗauki tata. Da gangan ta bi da mu ta ƙofar makaranta. Kunya kamar ta kashe ni. An kalle mu, wasu sun yi dariya, doya kuma ta sayu. A hanyar dawowa ni ce mai surutu.

Bara 'yata ta daina magana. Likita a cikin gari ya ba abin suna mai tsawo, ya rubuta magani. Ban ce ƙarya yake ba, tana sha. Amma na lura ni ya yi ta yi wa tambayoyi, ita ko sau ɗaya bai tambaye ta ba.

Da muka dawo gida na zauna kusa da ita, na ce, "Wa ya yi miki dariya?"

Ta dube ni, ta fashe da kuka. Sai da ta yi mai isarta, sannan ta fara ba ni labari.