Yaɓen Tsohon Ofis

A garinmu, kusa da Gummi, akwai wani ginin ƙasa da kowa ke kira tsohon ofis. Shi ne ginin gwamnati na farko a garin, kuma kakanmu ne ya gina shi da tubali da azara tun zamanin En'e. An yi shari'a a cikinsa, an ajiye magani, daga baya ya koma ma'ajiyar takin zamani. Yau jemagu ne ma'aikatansa.

Duk shekara kafin damina gidanmu ke yi masa yaɓe, ba don an sa mu ba. A al'adar gidan, mutum ɗaya ne ke yaɓe goshin ƙofa, inda kakanmu ya fara sa hannu, kuma Baba ne ke zaɓa. Ni ne babba. Ni ke kwaɓa ƙasa da ƙafa har kaushi ya tsage, ni na san ɗakin da alƙali ya zauna da inda ruwa ke yoyo. Amma goshin ƙofa na ƙanena ne, Auta.

Abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba. Auta ya tafi haƙar zinariya Bagega, sai ranar yaɓe ya shigo a kan babur yana ƙamshin turare. Ya naɗe hannun riga, ya hau tsanin da na riƙe masa, ya shafa laka sau ƴan kaɗan, Baba ya washe baki.

"Hannun tsohona Allah ya ba yaron ga," in ji shi.

Ni kuwa ko sannu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na taɓa kai ƙara wurin Inna, ta ce, "Kai da ƙanenka kaka hassada?" Da shi fa, Inna. Da wa zan yi?

Bara hadari ya fara haɗuwa, Auta bai zo ba, wayarsa ma ba ta shiga. Idon Baba ya riga ya tafi, ba ya fita sai an ja shi. Ban tambayi kowa ba, na hau tsani na yaɓe goshin ƙofar. Na yi shi a natse, yatsu huɗu a jere, yadda na shekara da shekaru ina kallo daga ƙasa.

Da ya bushe na jawo Baba. Na ɗora shi a kan turmi, ya miƙa hannu yana lalube. Ya daɗe yana shafawa, har na ga hawaye.

"Madalla," ya ce. "Wanga aiki ya yi." Sai ya juyo wajena. "Ashe Auta ya taho, bai biyo gida ya gaishe ni ba?"

Na riƙe hannunsa na sauko da shi. Na ce sauri yake yi.