Layin Mama Jeptanui

A sansanin 'yan tsere na garinmu, a kan tudu sama da garin Iten, ba wanda bai ci tuwon masarar Mama Jeptanui ba. Da ƙuruciya ita ma ta yi gudu, ba takalmi, har ta ciwo kofi biyu kafin gwiwa ta tsayar da ita. Tun daga nan take kicin. Tukwanenta tara, na ƙirga. Masu ci arba'in da ɗaya.

Sansanin na Arap Sigilai ne, shugaban ƙungiyarmu, kuma aikinta a hannunsa yake. A matsayinta na tsohuwar 'yar tsere tana da ƙuri'a. Zaɓenmu kuwa na layi ne: ɗan takara ya tsaya, masu sonsa su jeru a bayansa, ya waiwayo ya ga kowa. Mama kullum a bayansa take, don kicin ɗin ne ke ciyar da jikokinta.

Bana hukumar wasanni ta duniya ta ce ba sauran layi, sai akwati da labule. Koci Chelagat ta fito takarar shugabancin ƙungiya, tana son a sa mace ta kula da ɗakin kwanan 'yan mata, abin da Mama ta daɗe tana roƙo ba a ji ba. Ni aka ba ƙidaya, na haɗa akwatin da hannuna.

Ranar zaɓe, saboda sabo, sai jama'a suka jeru yadda suka saba kafin su shiga labule. Sha tara a bayan Shugaba, har da Mama. Sha biyu a bayan Chelagat. Da na buɗe akwati kuwa, Chelagat sha bakwai, Shugaba sha huɗu. Na sake ƙirgawa, haka nan.

Washegari Shugaba ya shigo kicin, ya zauna a kan buhun gari.

"Jeptanui, mutum biyar sun ci amanata. Kina cikinsu?"

"Haba Baba, ba da idonka ka gan ni a bayanka ba? Har ƙeyarka na haddace."

"A layi na gan ki. Cikin labule fa?"

"Can ko jikana bai gan ni ba. Ga nono, sha kafin yaran nan su shanye."

Ya daɗe yana kallonta, sannan ya karɓi goran nonon.

Har yau tana kicin ɗinta, kuma da azahar takan leƙa ɗakin 'yan matan ta gaisa da sabuwar mai kula da su. Na tambaye ta wa ta zaɓa.

"Kibiwott, je ka ƙirga faranti," in ji ta.